Bayolin da piyano a zaure ɗaya: wa ke jan wani?

Kafin a fara kiɗan akwai wani ɗan abu da ake yi wanda bai fi minti ɗaya ba. Mai piyano zai zauna, ya gyara kujerarsa, ya danna maɓalli guda ɗaya tak. Mai bayolin yana tsaye daidai inda cikin piyanon ya lanƙwasa, ya kasa kunne, ya goga tsirkiyarsa ta biyu, ya riƙa murɗa ɗan turken da ke kan bayolin har sautinsa ya hau kan na piyanon ya zauna daram. Daga wannan tsirkiya yake daidaita sauran ukun. Sai zauren ya yi tsit. Ba mai sanda a gabansu, ba mai ƙirga musu ɗaya, biyu, uku. In kana layin gaba, abin da za ka ji kawai shi ne mai bayolin ya ja numfashi ta hanci, kafaɗarsa ta ɗan ɗaga, sai su faɗa kiɗan tare kamar hannu ɗaya ne ya taɓa kayan biyu.

Amma duba takardar tallar irin wannan zama. Hoton mai bayolin ne rungume da kayansa, sunansa da manyan baƙaƙe, can ƙasa da ƙananan haruffa a ce tare da wane a kan piyano. Da wannan mai sauraro yake shiga: ya zuba wa na tsaye ido, ya ɗauki na zaune ɗan amshi. Abin yana damuna, domin wanda ya shiga da wannan tunani rabin kiɗan zai ji. Mafi yawan manyan ayyukan da ake kaɗawa a wannan zama an rubuta su ne don mutum biyu masu matsayi ɗaya, wasu ma piyanon aka fara ambata a bangonsu. Yadda aka yi lamarin ya juye shi nake son in bi sawunsa.

Cikin kiɗan gargajiyar Turai na rubuce akwai rukunin da za mu iya kira kiɗan zaure. Sunan ya fito daga ɗakunan fadoji da gidajen attajirai inda aka fara yin sa, don a bambanta shi da na coci da na gidan wasan kwaikwayo. Makaɗa kaɗan ne, kowa da layinsa shi kaɗai, kuma babu madugu mai sanda irin wanda ke tsayawa gaban okestira mai mutum tamanin. Mafi ƙanƙantar tawaga ita ce ta mutum biyu. Abin da suka fi kaɗawa ana ce masa sonata: dogon kiɗa ne marar waƙar baki, an kasa shi zango uku ko huɗu, wani mai sauri, wani mai nutsuwa, na ƙarshe galibi mai zafi. Sonata ɗaya takan ci daga kamar minti goma sha biyar zuwa arba'in. A zama guda akan yi uku ko huɗu da ɗan hutu a tsakiya, in tafi ya ƙi tsayawa a ƙarshe su dawo su yi wa jama'a gyara da wani gajeren kiɗa. Tsakanin zango da zango ba a tafawa, saboda shirun nan yana cikin kiɗan. Zaurukan kuma ƙanana ne da gangan. Wigmore Hall na Landan, wanda aka buɗe a 1901 kuma masu wannan sana'a ke ji da shi, kujerunsa kimanin 550 ne, babu lasifika. Katako da waya ne kawai suke cika ɗakin.

Sai dai kayan biyu da aka haɗa ba su yi kama da juna ta kowace fuska ba, kuma nan ne tushen wahalar da daɗin duka. Ta yadda yake fitar da sauti, bayolin ɗan'uwan goge ne: tsagiyar doki ce a jikin sanda, a shafa mata ƙaro don ta kama, a goga a kan tsirkiya. Goge tsirkiyarsa ɗaya, bayolin huɗu. Goge ƙwarya ce da fata, bayolin katako ne zalla, nauyinsa bai kai rabin kilo ba. Duk wanda ya taɓa jin mai goge ya ja sauti ɗaya ya tsawaita shi, ya kumbura shi, ya karkaɗa shi da yatsa kamar muryar mai kuka, ya san abin da bayolin ya iya. Babban piyano na zaure kuwa ya kusa rabin tan, tsawonsa ya kusa mita uku, yana da maɓallai 88 da wayoyi sama da 200, kowane maɓalli da 'yar gudumarsa mai lulluɓin ulu. Da guduma ta bugi waya, sautin ya fara mutuwa ke nan. Mai piyano ba shi da dabarar ƙara wa sautin da ya riga ya buga ƙarfi, alhali abokinsa zai iya fara sauti kamar raɗa ya kai shi ihu a jan sanda ɗaya. Ta ɗaya gefen kuma, piyano zai iya zuba sautuka takwas ko goma a lokaci guda, ya gangara can ƙasa inda bayolin ba ya kaiwa, shi kuwa bayolin galibi sauti ɗaya yake riƙewa, in ya matsa biyu.

Akwai kuma maganar daidaiton sauti, wadda mai kallo ba ya gani amma makaɗan suna fama da ita kowane dare. Sautukan piyano a kafe suke, mai gyara ya zo tun da rana ya ɗaure wayoyin ya tafi. Kuma ɗaurin na sulhu ne: don piyano ya iya kiɗa daga kowane mataki aka fara, an raba tazarar sautukansa daidai wa daida, wanda ya sa haɗuwar sautukan ta ɗan kauce wa tsantsar daidaito kaɗan. Wuyan bayolin kuwa fayau yake, babu alamar inda za a sa yatsa, kunne ne kawai ke nuna hanya. In mai bayolin shi kaɗai yake, yakan ɗan ɗaga wani sauti ko ya sassauta shi don ya fi zaƙi. Da piyano a gefensa dole ya riƙa aunawa: a nan zan bi kunnena, a nan dole in bi na abokina. Shi ma mai piyanon aikinsa shi ne ya yaudari kunne, ya jera sautuka masu mutuwa ta yadda za a ji kamar suna numfashi.

Maurice Ravel na Faransa bai ɓoye ba, ya ce kayan nan biyu a asalinsu ba sa jituwa. Ya shafe daga 1923 zuwa 1927 yana rubuta sonatarsa, kuma ya zaɓi ya fito da rashin jituwar fili maimakon ya rufe ta. A zango na biyu, wanda ya ara daga kiɗan bulus na baƙaƙen Amurka, mai bayolin yakan fizgi tsirkiya da yatsa irin yadda ake kaɗa banjo ko gurmi, sannan ya riƙa zamewa daga sauti zuwa sauti, abin da piyano ba zai taɓa iyawa ba, shi kuwa piyanon yana taka nasa takun a bushe. An fara kaɗa ta a Faris a watan Mayu 1927, George Enescu na Romaniya a bayolin, Ravel da kansa a piyano.

To wa ya fara zama gaba? A 1700 Arcangelo Corelli ya buga takardun sonatocinsa goma sha biyu a Rum, kuma a cikinsu bayolin ne mai magana. Mai kaɗa kayan maɓallai layin ƙasa kawai aka rubuta masa da wasu lambobi, shi zai cike sauran da kansa. A lokacin ma piyano jariri ne, Bartolomeo Cristofori yana ƙera na farko a Florence. Abin da ake amfani da shi shi ne hafsikod, wanda ke tsinkar waya maimakon bugunta. Bach, marubucin kiɗa na Jamus, ya zo ya rubuta sonatoci shida da ya ba hannun dama na mai maɓallai muryarsa ta kansa. Amma a tsakiyar ƙarni na 18 kasuwa ta juya abin gaba ɗaya. Masu sayen takardun kiɗa a Faris da Landan iyalan masu hali ne, 'yan matan gidan su ne suka ƙware a maɓallai, sai wani ɗan'uwa ko baƙo ya ɗauki bayolin ya raka su. Masu buga takardu suka bi kuɗi. Ayyukan farko na Mozart, marubucin kiɗa na Austriya, da aka buga takardunsu a Faris a 1764, yana ɗan shekara takwas, bangonsu cewa ya yi sonatoci ne na hafsikod waɗanda za a iya kaɗawa da rakiyar bayolin. Wato bayolin ne ɗan rakiya, in babu shi ma ba a fasa ba.

Mozart ɗin ne kuma ya ɗago shi bayan ya girma. A watan Afrilu 1784 wata gwanar bayolin 'yar Italiya, Regina Strinasacchi, ta zo Biyana, ya rubuta musu sonata su biyu. Lokaci ya ƙure masa, sai ya rubuta nata layin ya ba ta, nasa kuwa ya bar shi a kansa. Matarsa Constanze ta ba da labarin cewa a daren 29 ga wata ya zauna da takarda kusan fanko a gabansa ya kaɗa, Sarki Joseph na biyu yana cikin masu sauraro. Rubutun hannun yana nan har yau, kuma ana ganin tawada iri biyu, da yadda aka cusa layin piyano daga baya a wurin da bai ishe shi ba. Abin da ya fi labarin muhimmanci shi ne kiɗan kansa: tun daga buɗewa kayan biyu ke miƙa wa juna magana, ba wanda za a cire sauran ya tsaya da ƙafarsa.

Beethoven, marubucin kiɗa na Jamus, ya rubuta irin waɗannan sonatoci guda goma tsakanin ƙarshen shekarun 1790 da 1812, kuma piyano ake fara ambata a sunansu. Ta tara ita ce zan daɗe a kanta, domin a cikinta maganar daidaito ta kai maƙura, kuma a cikinta ne aka yi wa wani makaɗi rashin adalcin da har yau bai gyaru ba.

Sunansa George Bridgetower. An haife shi a 1778 a garin Biała na ƙasar Polan. Mahaifinsa baƙar fata ne mai tushen Afirka wanda ya yi hidima a gidan sarautar Esterházy, mahaifiyarsa Baturiya. Yana ɗan shekara goma ya kaɗa bayolin a gaban jama'a a Faris a 1789, daga nan aka wuce da shi Ingila, inda Yariman Wales, wanda daga baya ya zama Sarki George na huɗu, ya ɗauki nauyinsa. A 1802 ya samu izini ya je ganin mahaifiyarsa a Dresden, a 1803 ya ƙarasa Biyana. Can ya haɗu da Beethoven, wanda yake da shekara 32, watanni kaɗan bayan ya rubuta wa 'yan'uwansa wasiƙar nan ta baƙin ciki kan kurumcewar da ta fara cin sa. Jininsu ya haɗu nan take. Aka sa ranar kiɗa alhali sonatar ba ta kammala ba. Zango na ƙarshe Beethoven ciro shi ya yi daga wata sonata da ya rubuta a shekarar da ta gabata, biyun farko kuwa ya rubuta su a guje. Almajirinsa Ferdinand Ries ya ce da ƙarfe huɗu da rabi na asuba aka taso shi ya kwafe layin bayolin na zangon farko. Na biyun ba a samu kwafewa ba, dole Bridgetower ya karanta shi daga rubutun hannun Beethoven, rubutun da ya yi suna wajen wuyar karantawa. Haka suka hau a ranar 24 ga Mayu 1803 a zauren lambun Augarten, da ƙarfe takwas na safe kamar yadda Ries ya ruwaito.

Saurari yadda take buɗewa. Bayolin ne shi kaɗai, a hankali, yana jan tsirkiya biyu da uku a tare kamar yana son ya nuna shi ma zai iya aikin piyano. Sai piyano ya karɓi wannan magana ya maimaita, amma ya karkatar da ita zuwa duhu. Su ɗan yi ta taɓa juna da guntayen sautuka biyu-biyu, kamar 'yan dambe suna zagaye, sannan a ɓarke da gudu. Daga nan har ƙarshen zangon ba wanda ya sassauta wa wani. Beethoven da kansa ya rubuta a kanta cewa an tsara ta da salon gasa, kusan kamar kiɗan da ake yi wa gwani ɗaya da okestira. Bridgetower ya bar rubutu cewa akwai inda piyano ke yin wani dogon zuƙowa shi kaɗai, da aka maimaito wurin sai shi ma ya kwaikwaye shi da bayolin ba tare da an rubuta masa ba, Beethoven ya zabura daga kujera ya rungume shi ya ce ya sake. Wannan shi ne kiɗan zaure a ganina: ɗaya ya yi abu, ɗayan ya ji ya mayar masa nan take.

Ba a daɗe ba suka raba gari. Ruwayar da aka fi sani, wadda ta fito daga wani da ya san Bridgetower a tsufansa, ta ce kan wata mace ce da Bridgetower ya yi wa maganar da ta ɓata wa Beethoven rai. Da aka buga takardun sonatar a 1805, sai ga sunan Rodolphe Kreutzer, babban mai bayolin na Faris, a matsayin wanda aka sadaukar wa. Kreutzer bai taɓa kaɗa ta a gaban jama'a ba, kuma Berlioz, marubucin kiɗa na Faransa, ya ruwaito cewa a wurinsa kiɗa ne da ba ya fahimtuwa sam. Shi ba ya ma buƙatar wannan suna, domin atisayensa guda 42 har yau kusan kowane ɗalibin bayolin sai ya bi ta kansu. Duk da haka fiye da shekara ɗari biyu ke nan duniya na ce mata sonatar Kreutzer. Bridgetower ya koma Ingila, ya samu digirin kiɗa a Cambridge a 1811, ya rasu a unguwar Peckham ta Landan a 1860 ba kowa ke tuna shi ba. Ɗan ƙarfen nan mai yatsu biyu na daidaita sauti da Beethoven ya ba shi kyauta yana ajiye a babban ɗakin karatu na Birtaniya. A 'yan shekarun nan wasu makaɗa sun fara maido da sunansa a takardun shirinsu, kuma ina ganin sun kyauta.

Har 1886 Brahms na Jamus yana rubuta piyano da bayolin a bangon sonatarsa ta biyu, wadda ya tsara a bakin tafkin Thun na Suwizalan, kuma piyano ne ke buɗe ta da karin farko, bayolin yana sa baki da 'yan gajerun amsoshi. To ina tallar nan ta samo nata tsarin? Daga wata hanya ce daban da ta taso a ƙarni na 19, hanyar gwani matafiyi. Paganini, gwanin bayolin ɗan Italiya, ya nuna cewa mutum ɗaya da bayolin zai iya cika gari da magana. Waɗanda suka biyo shi, irin su Wieniawski da Sarasate, suka rubuta wa kansu gajerun kiɗe-kiɗe na nuna bajinta, inda aikin piyano shi ne riƙe taku da shimfiɗa ƙasa. Jirgin ƙasa da na ruwa suka sauƙaƙa yawo, dillalan kiɗa suka gane cewa suna ɗaya ake sayarwa, mai piyano ya zama ma'aikacin da gwani ke biya daga aljihunsa. Jascha Heifetz, wanda da yawa ke ɗauka ba a yi kamarsa ba a ƙarni na 20, ya yi kimanin shekara ashirin da mai piyano Emanuel Bay, sannan ya ci gaba da Brooks Smith, kuma a yawancin faya-fayensa za ka ji bayolin a bakin kunnenka, piyano kamar daga ɗaki na gaba. A gajerun kiɗan bajinta ba ni da ja, haka aka rubuta su. Inda abin ke ɓaci shi ne in aka ɗauko wannan ɗabi'a aka shigo da ita cikin Beethoven ko Brahms, sai ka ji bayolin yana ta ƙoƙarin haskawa da 'yan sautukan rakiya alhali ainihin maganar tana hannun wanda aka tura baya.

Don adalci, akwai dalilin tsoron piyano. Piyanon da Mozart da Beethoven suka sani jikinsa katako ne, siririn sauti gare shi mai saurin ɗaukewa, bayolin ma kan iya danne shi. Daga 1825, lokacin da Alpheus Babcock ya yi rajistar ƙashin piyano na ƙarfe a Boston, aka samu damar ɗaure wayoyi masu kauri da ƙarfi sosai, piyano ya zama ƙato. Shi ya sa har yau ake jayayya a kan murfin piyano: a buɗe shi duka ko a ɗan ɗaga? Masu bayolin da yawa kan nemi a sauke. Masu piyano kuwa cewa suke murfi a rufe ba ya rage ƙara sosai, dusashe sautin kawai yake yi, kuma gwani ya fi iya yin laushi in yana jin kansa da kyau. Ni ina tare da su. Wasu kuma, irin Isabelle Faust da Alexander Melnikov, sun koma kaɗa Mozart da piyano irin na zamaninsa, inda matsalar ba ta tasowa tun farko.

In ana neman wurin da za a fara jin wannan daidaito da kunne, sonatar César Franck ce. Ya rubuta ta a 1886, yana da shekara 63, ya aika da ita gudummawar aure ga Eugène Ysaÿe, matashin mai bayolin ɗan Beljiyam. A ranar bikin a watan Satumba aka miƙa masa, ya yi ɗan gwaji a gaggauce da wata baƙuwar biki, Marie-Léontine Bordes-Pène, suka kaɗa wa mahalarta. A ranar 16 ga Disamba su biyun suka kai ta gaban jama'a a wani gidan adana zane-zane na Brussels. Shirin ya yi tsawo, rana ta faɗi, kuma dokar gidan ta hana kunna kowace irin fitila saboda zane-zanen. Vincent d'Indy, almajirin Franck, wanda yana wurin, ya ce zango ukun ƙarshe da ka suka kaɗa su cikin duhu. Ka tuna ba wanda ke ganin kafaɗar wani ko motsin sanda, kunne ne kawai ya rage. Zango na huɗu kuwa an gina shi a kan bin sawu: piyano ya fara kari, bayan taku kaɗan bayolin ya ɗauko wannan karin daidai yana biye, kamar mutum biyu a siririyar hanyar gona, na baya yana sa ƙafa inda na gaba ya ɗaga. Ba za ka iya cewa ga waƙa ga amshi ba, domin abu ɗaya suke faɗa, tazarar ce daɗin.

Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba. Takardar da ke gaban mai bayolin layinsa ne kawai a ciki. Ta mai piyano kuwa tana ɗauke da layukan hannayensa biyu, a samansu kuma ga na bayolin da ƙananan alamu. Shi ne ke ganin kiɗan gaba ɗaya, shi zai fara sanin in abokinsa ya tsallake wuri, shi zai tare. Saboda yawan shafukan ne ake zaunar da mutum na uku a hagunsa, mai juya shafi, wanda ba a sa sunansa a ko'ina. Na taɓa zama kusa da wannan gefe a wani ƙaramin zaure. Ana tsakiyar zango mai sauri, yarinyar da ke juya shafi ta miƙe ta kama kusurwar sama, sai shafi biyu suka manne suka juyu tare. Mai piyanon ba ta ɗago kai ba, hannun damanta na ci gaba, ta ɗaga na hagu ta mayar da shafi ɗaya da sauri. A daidai wannan ƙiftawar ido mai bayolin, wanda ya ba su baya, yana riƙe da dogon sauti, sai ya ɗan ƙara masa tsawo kamar na numfashi ɗaya, har hannun hagun ya dawo ya sauka. Bai ga abin da ya faru ba. Ya ji ƙasan kiɗan ya yi rami ne, ya jira. Ina jin mutanen da ke baya ba su san an yi komai ba, ni kuwa tsigar jikina sai da ta tashi.

Irin wannan ji ba ya samuwa a gwajin kwana biyu, shi ya sa fitattun biyu-biyun nan sukan daɗe tare. Clara Schumann da Joseph Joachim sun yi zama sama da 200 a Jamus da Birtaniya. Yehudi Menuhin ya yi shekaru da ƙanwarsa Hephzibah. Anne-Sophie Mutter tana tare da Lambert Orkis tun 1988. Wani lokaci kuma manya biyu ne masu cin gashin kansu ke haɗuwa, kamar Fritz Kreisler da Rachmaninoff a faya-fayen 1928, ko David Oistrakh da Sviatoslav Richter da suka fara kaɗa sonatar Shostakovich a gaban jama'a a Mosko a 1969, wadda aka rubuta don cikar Oistrakh shekara sittin. Waɗanda suka fi taɓa ni su ne mai piyano Clara Haskil 'yar Romaniya da mai bayolin Arthur Grumiaux ɗan Beljiyam, wanda ta girme shi da shekara 26. Ita ma ta iya bayolin, shi ma ya iya piyano, har sukan yi musayar kaya, don haka kowannensu ya san wuyar ɗayan a yatsunsa. A Mozart ɗinsu ba ka jin ana miƙa magana, ji kake kawai ta koma wani baki. A watan Disamba 1960 ta iso Brussels don su yi kiɗa tare, ta faɗi a matakalar tashar jirgin ƙasa, ta rasu.

Fai ɗaya da nake yawan komawa gare shi an naɗe shi ne a zauren ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka a Washinton, ranar 13 ga Afrilu 1940. Joseph Szigeti ne a bayolin, Béla Bartók a piyano, dukansu 'yan Hangari, Turai tana cikin yaƙi, kuma watanni shida bayan nan Bartók ya bar ƙasarsa bai sake komawa ba. Sun kaɗa ayyukan Bartók biyu, da sonatar Debussy, wadda ya rubuta a 1917 yana fama da ciwon daji kuma ita ce babban aikinsa na ƙarshe, da kuma ta Beethoven ɗin nan ta tara. Naɗin tsoho ne, yana da shashsheƙa, sautin Szigeti kan yi kaushi a wurare, akwai inda yatsa ya zame. Amma sa kunnenka a kan piyano kaɗai na minti biyu a zangon farko. Bartók ba ya jiran izini: yakan ja lokaci, ya sake shi, ya daki sautin ƙasa ya tura Szigeti gaba, Szigeti ya turo shi baya. Sannan ka mayar da kunnen kan bayolin, ka ji yadda yake janye jiki duk inda karin ya koma hannun abokinsa, har ya zama shi ne mai riƙe taku. In ka saurara karo na uku ba za ka iya raba su ba, sai dai ka ji tarin wani a cikin jama'a, da tafin da ya ɓarke bayan sautin ƙarshe.